A Jarraba Yaro Kafin a Miƙa Masa Dukiya

Malamanmu na fiƙihu, da suka zo babin hajaru, wato tsare mutum daga yin tasarrufi cikin dukiyarsa, ba su yarda cewa balaga kaɗai ta isa ta buɗe wa yaro ƙofar ciniki ba, sai da suka gwama ta da rushudi, wanda Malikiyya suka fassara da iya tattalin dukiya da kyautata juya ta. Hujjarsu kuwa tana farkon Suratun Nisa'i, inda aka umurci waliyyan marayu su jarraba su tukuna, har su ga alamar hankali ya zauna, kafin su danƙa musu abin da iyayensu suka bari. Abin da ya tuna mini wannan babi wata muhawara ce da aka shafe fiye da shekara ashirin ana yi a ƙasar Amurka, ƙasar da ba da littattafan nan take hukunci ba, amma wahalar bashi ta kora ta har bakin wannan mas'ala. Tambayar da suke yi ita ce: shin ya wajaba a kan hukuma ta hana ɗalibi takardar shaidar kammala sakandare har sai ya zauna darasi na musamman a kan sarrafa kuɗinsa, ko kuwa wannan aikin iyaye ne da duniya, makaranta ta tsaya a kan lissafi da harshe da kimiyya?

Ba za a gane nauyin tambayar ba sai an dubi abin da ke jiran yaron Amurka ranar da ya fita daga ƙofar makaranta. Da ya cika shekara 18, doka a mafi yawan jihohi ta ɗauke shi cikakken mutum, yana iya sa hannu a yarjejeniyar haya, ya ci bashin mota, ya ɗaure kansa da alƙawarin da kotu za ta tilasta masa cikawa. Bashin karatu na gwamnatin tarayya kuwa, ko bai kai shekarun nan ba doka ta yarda ya sa hannu, alhali shi ne bashin da ya fi kowane wuyar kuɓucewa ko da mutum ya karye ya kai kansa kotun fatara. Jimlar bashin karatu a ƙasar ta haura dala tiriliyan 1.7, tana wuyan mutum fiye da miliyan 40. Bashin katin bashi ya haye dala tiriliyan ɗaya a shekarar 2023, a lokacin da matsakaicin ruwan da ake ɗora masa ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara, wanda ma'anarsa ita ce dala dubu ɗaya da aka ci aka ƙyale, ruwa yana hawa kan ruwa, za ta zama dubu biyu kafin a cika shekara huɗu. A bayan wannan duka akwai wani littafin ayyuka da kamfanoni ke rubutawa a kan kowane baligi, wanda ake taƙaita shi cikin makin amana da ake kira FICO, daga 300 zuwa 850, kuma da shi mai ba da bashi yake yanke ruwan da zai ɗora, mai gidan haya yake duba ko zai ba da mabuɗi; sakacin 'yan watanni da yaro ya yi yana ɗan shekara goma sha tara yana iya zama a wannan littafi har shekara bakwai.

Tsufa ma an mayar da shi wuyan mai shi. A da, ma'aikacin babbar masana'anta yakan yi aikinsa shekara talatin, kamfani ya riƙa biyansa fansho sananne har ya koma ga Mahaliccinsa, ba ruwansa da sanin inda aka zuba kuɗin. Daga wata dokar haraji ta 1978 aka sami asusun da suke kira 401(k), wanda a hankali ya ture tsohon tsari a kamfanoni masu zaman kansu, har ya zama ma'aikaci ne da kansa zai yanke nawa zai ajiye daga albashinsa, da irin hannun jarin da zai saya, da lokacin da zai taɓa kuɗin. In ya dace, ya ci, in ya yi kuskure, babu wanda zai ɗauke masa. Al'ummar da ta tsara rayuwarta haka ta mayar da kowane direba da kowace ma'aikaciyar jinya mai kula da baitulmalin kansa, ba tare da ta tambaya ko an taɓa koya musu aikin ba.

Da aka tambaya kuwa, amsar ba ta yi daɗi ba. A shekarar 2004 wasu malamai mata biyu masana tattalin arziki, Annamaria Lusardi da Olivia Mitchell, suka tsara tambayoyi uku masu sauƙi: ɗaya a kan yadda ruwa ke ƙaruwa a kan ajiya cikin shekara biyar, ɗaya a kan abin da hauhawar farashi ke yi wa kuɗin da ke kwance, ɗaya a kan ko zuba jari a kamfani guda ya fi aminci bisa rarraba shi. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manyan Amurkawa ke amsa ukun daidai. Ƙungiyar Jump$tart, wadda aka kafa a 1995, ta riƙa jarraba ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare tun daga 1997, inda matsakaicin makinsu ya kasance kimanin 57 cikin ɗari, ya zuwa 2008 kuma ya sauko kimanin 48. A wannan shekarar ce rikicin bashin gidaje ya rushe manyan bankuna, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, da yawansu bayan sun sa hannu a takardun da ruwansu ke tashi bayan shekara biyu ko uku ba tare da sun fahimci sharaɗin ba.

Sai dai a Amurka babu wani ministan ilmi da zai tashi da safe ya ba da umurni kowace makaranta ta bi. Tsarin mulkinsu ya bar sha'anin ilmi a hannun jihohi hamsin, kowace da majalisarta da hukumar ilminta, a ƙarƙashinsu kuma akwai gundumomin makarantu wajen dubu goma sha uku, kowace tana kishin 'yancinta. Saboda haka wajabta darasi ɗaya yaƙi ne da ake yi jiha bayan jiha. Jihar Yuta ce ta fara, ta shar'anta cewa ɗaliban da za su kammala daga 2008 sai sun ci darasi mai zaman kansa na rabin shekara. Misuri ta biyo da ɗaliban 2010, Tenesi da na 2013, Bajiniya kuma ta sa shekara guda cur ta haɗa shi da ilmin tattalin arziki. Daga nan tafiyar ta yi nauyi, har aka shiga 2020 jihohin da suka yi irin wannan doka ba su kai goma ba.

Bayan annobar korona, wadda ta tona asirin gidajen da ba su da ajiyar ko wata guda, sai abin ya ɓalle kamar ruwan da ya karya madatsa. Ohayo da Nebaraska suka yi doka a 2021. Fulorida da Jojiya da Mishigan a 2022. Indiyana da Minesota da Wiskonsin da Fensilbaniya da wasunsu a 2023. Dokar Fulorida an sa mata sunan Dorothy Hukill, 'yar majalisar dattawan jihar da ta yi shekaru tana kai wannan ƙuduri ana mayar da shi, ta rasu a 2018 ba ta ga tabbatarsa ba. A watan Yuni na 2024 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a tasu, ta zama jiha ta 26 bisa ƙidayar ƙungiyar Next Gen Personal Finance, wadda Tim Ranzetta ya kafa da abokiyar aikinsa a 2014, kuma shi ne ya kashe dukiyarsa wajen tara sa hannun jama'a domin a kai maganar ga ƙuri'ar raba gardama, har 'yan majalisa suka ga gara su yi dokar da kansu. Abin lura a nan shi ne gwamna Ron DeSantis na Fulorida da Newsom na Kalifoniya, waɗanda da wuya a sami mas'alar da suka haɗu a kanta, sun yi ittifaƙi a kan wannan. Masu ra'ayin riƙau suna ganin darasin yana koya wa mutum ɗaukar nauyin kansa, masu ra'ayin sauyi suna ganin yana ba ɗan talaka abin da ɗan mai kuɗi yake samu a gida, kowane ɓangare da niyyarsa, aikin kuwa ɗaya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da alƙaluma, domin kalmar wajibi a bakin jihohin nan ba ma'ana ɗaya gare ta ba, kuma shi ya sa ƙidayar wannan ƙungiya takan saɓa da ta waccan. Akwai jihar da abin da ta yi kawai shi ne rubuta batun kuɗi cikin manhajarta, ta bar wa gundumomi su ga dama. Akwai wadda ta ce lalle a koyar, amma a cusa shi cikin wani darasi, kamar tattalin arziki ko lissafi ko ilmin zama ɗan ƙasa, inda sau da yawa yakan zama makonni biyu ko uku a ƙarshen zango, lokacin da malami ya gaji, jarrabawa ta ƙarato, kuma in lokaci ya ƙure shi ne farkon abin da za a yar. Akwai kuma wadda ta ce darasi ne mai cin gashin kansa, na zango guda, kimanin sa'o'i sittin a aji, wanda ba a ba ɗalibi takardar shaida sai ya ci shi. Wanda ya karanta usulu ya san bambancin umurnin da ke nufin wajabci da wanda ke nufin mustahabbi, ya kuma san cewa farillar da ba a yanka mata lokaci ba, ba a kuma sa mai tambaya a kanta ba, a aikace takan koma nafila. Mafi yawan saɓanin da ke cikin wannan muhawara daga nan ya taso: mutum biyu suna gardama a kan amfanin darasin, ɗaya yana nufin mako biyu, ɗaya yana nufin wata biyar.

Abin da ake koyarwa a cikakken darasin ba wani ɓoyayyen ilmi ba ne. Ana nuna wa ɗalibi takardar albashi ya ga dalilin da abin da ya shiga hannunsa bai kai abin da aka yi masa alƙawari ba, ya koyi cika takardar haraji, da tsara kasafin wata, da bambancin asusun ajiya da na yau da kullum, da karanta sharuɗɗan katin bashi, da kwatanta tayin jami'o'i biyu, da ma'anar inshorar mota da ta lafiya, da gane damfara.

To, yana amfani? Adalci ya wajabta a fara da hujjar masu shakka, domin ba mutanen banza ba ne. Lewis Mandell, malamin da ya gudanar da jarrabawar Jump$tart shekara da shekaru, kuma mai son wannan ilmi, ya tarar cewa ɗaliban da suka zauna darasin ba su fi waɗanda ba su zauna ba maki, ya kuma faɗi haka a fili duk da bai yi masa daɗi ba. A 2014 Daniel Fernandes da John Lynch da Richard Netemeyer suka tattara bincike kusan ɗari biyu, suka ce tasirin koyarwar a kan halin mutane da kuɗi ƙanƙane ne ƙwarai, kuma yana dusashewa cikin ƙasa da shekara biyu, don haka gara a ba mutum ilmin a daidai lokacin da zai yanke shawara, kamar ranar da zai ci bashin gida. Shawn Cole da Anna Paulson da Gauri Shastry kuma suka duba tsofaffin dokokin jihohi, ba su ga alamar sun sauya komai ba, amma suka ga ƙarin darasin lissafi ya sauya, wanda ya sa wasu suka ce a ba yara lissafi mai kyau, sauran za su gane da kansu.

Wadda ta fi kowa zafi ita ce Lauren Willis, malamar shari'a a Los Anjeles, wadda ta rubuta doguwar maƙala a 2008 tana suka a kan tushen abin gaba ɗaya. Hujjarta ita ce kasuwar kuɗi tana sauya kaya da sauri fiye da yadda manhaja za ta iya bi, kamfanoni suna da ƙwararru da aka ɗauka musamman don su rubuta sharuɗɗan da ba za a gane ba, ɗan ilmi kaɗan yana iya ƙara wa mutum ƙarfin halin shiga abin da ya fi ƙarfinsa, kuma mafi muni, da zarar an ce an koya wa kowa, laifin duk wanda aka cuta ya koma kansa. Ba ma neman mutum ya zama likitan kansa ko lauyan kansa, in ji ma'anar maganarta, don me za a nemi ya zama masanin kuɗin kansa? Ni ina ganin wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma zan komo gare ta.

Amma ilmi bai tsaya a 2014 ba. Carly Urban ta Jami'ar Jihar Montana da abokan aikinta suka sami damar duba ainihin bayanan bashin matasa, maimakon dogara da abin da mutum ya tuna ko ya faɗa game da kansa, suka kwatanta jihohi uku, Jojiya da Aidaho da Teksas, waɗanda suka ƙarfafa dokarsu daga ɗaliban 2007, da maƙwabtansu da ba su yi ba. Suka tarar matasan da dokar ta shafa sun fi makin amana, sun kuma fi ƙarancin jinkirin biya, sannan, kuma wannan ne abin da ya fi jan hankalina, amfanin ya kasance kaɗan a ɗaliban shekarar farko, ya ƙaru a ta biyu, ya fi girma a ta uku, wato gwargwadon yadda malamai suka saba da darasin. Wani binciken da ta yi da Christiana Stoddard ya nuna cewa ɗaliban irin waɗannan jihohi sun fi neman tallafin karatu da bashin gwamnati mai sauƙin ruwa, sun rage jingina da katin bashi. A 2022 Tim Kaiser da Lusardi da Lukas Menkhoff da Urban suka tattara gwaje-gwaje 76 daga ƙasashe 33, waɗanda aka yi ta hanyar raba mutane da ƙuri'a kamar yadda ake gwada magani, suka sami tasiri tabbatacce a kan sani da kuma a kan aiki, kuma da kuɗi kaɗan. Idan aka jera waɗannan da na farko, jam'i tsakaninsu ba ya wuya: yawancin tsofaffin dokokin da aka auna irin na cushe ne, marasa malami da jarrabawa, auna su kuwa kamar auna amfanin rijiyar da aka fara haƙa aka bari ne kafin a kai ga ruwa.

Saboda haka ni na karkata ga wajabtawa, kuma dalilina mafi ƙarfi ba ya cikin alƙaluman nan, yana cikin tambayar wa ke samun ilmin idan ba a wajabta ba. Ɗan likita ko ɗan akanta yana jin maganar hannun jari da haraji tun yana ƙarami, ana buɗe masa asusu, ana sa sunansa a katin mahaifinsa domin makinsa ya fara ginuwa kafin ya san ma'anarsa. Ɗan matar da ke aiki biyu, wadda ba ta da asusun banki, take biyan lada a kanti kafin a canza mata cekin albashinta, ba shi da wanda zai gada wannan daga gare shi, ba don uwarsa ba ta da hankali ba, sau da yawa ma ta fi mai kuɗi iya miƙe dala, sai don ba a taɓa shigar da ita wannan ɗaki ba. Kuma an ga cewa a jihohin da aka bar wa gundumomi zaɓi, makarantun unguwannin talakawa su ne suka fi rasa darasin. Masu cewa a bar wa iyaye suna magana ne kamar dukan iyaye ɗaya suke. Maganar mantuwa kuwa, gaskiya ce, amma ba a taɓa soke darasin kimiyya don ɗalibai suna mantawa ba, kuma ɗan ajin ƙarshe na sakandare yana tsaye ne a daidai bakin shawara mafi tsada a ƙuruciyarsa, ta jami'ar da zai shiga da bashin da zai ci dominta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai doka takarda ce, malami ne darasi. Wani bincike da Wendy Way da Karen Holden na Jami'ar Wiskonsin suka fitar a 2009 ya nuna cewa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na malaman da aka tambaya ne suka ce sun ƙware sosai a ko da fanni ɗaya na wannan ilmi. Ba abin mamaki ba ne, domin malamin tarihi ko na motsa jiki da aka miƙa wa darasin saboda jadawalinsa yana da gurbi, shi ma ɗan wannan al'umma ne, wataƙila da nasa bashin karatun a wuya. Yuta ta gane haka, ta ƙara sharaɗin cewa sai malami ya sami shaidar ƙwarewa ta musamman, ta kuma sa jarrabawar jiha a ƙarshen darasin. Wasu jihohin sun yi dokar ba su ware ko sisin kwabo na horar da malamai ba.

Inda malami ba shi da horo, makaranta ba ta da kuɗin littafi, dole wani ya cike gurbin, kuma masu cikewa a shirye suke. Bankuna da kamfanonin katin bashi sun daɗe suna raba kayan koyarwa kyauta, kamar yadda kamfanin Visa yake yi da shirinsa na Practical Money Skills. Ba na cewa abin da ke ciki ƙarya ne. Yawancinsa daidai ne. Amma shari'a ba ta karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani, kuma ba a sa ran wanda ribarsa take cikin ruwan bashi ya tsaya ya yi wa yara dogon bayani a kan yadda ake tsara mafi ƙarancin biyan wata domin bashi ya daɗe. A ɗaya gefen akwai manhajar Dave Ramsey, mai shirin rediyo da ya shahara da ƙyamar bashi, wadda makarantu da yawa ke amfani da ita, tana koya wa yara su nisanci katin bashi ɗungurungum. Da Fulorida ta amince da littafinsa a 2023, wasu malamai da iyaye suka yi ƙorafi cewa ra'ayin mutum ɗaya ne ake koyarwa a matsayin ilmi. Wannan ya nuna darasin kuɗi ba kamar jadawalin ninkawa yake ba, akwai tarbiyya da aƙida a cikinsa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Musulmin da ke zaune a can sun fi kowa sanin haka. Yaro Basomale a Miniyafolis, ko Balarabe a Diyabon ta Mishigan, ko ɗan Bahaushen da aiki ya kai Niyok, zai zauna a ajin da ake koya masa cewa hanyar gina makin amana ita ce ya karɓi katin bashi, hanyar arziki kuma ita ce ruwa a kan ruwa, ya koma gida inda aka koya masa cewa riba tana cikin manyan kaba'irai. Ban ga dalilin da zai sa iyaye su ji tsoron darasin ba, domin wanda bai san yadda riba take aiki ba shi ne ya fi saurin faɗawa cikinta, kuma tun a Ahalari aka koya mana cewa mukallafi ba ya shiga wani aiki sai ya san hukuncinsa, sanin hukunci kuwa ba ya yiwuwa sai an san surar abin. Abin da ya rage a kansu shi ne su cika abin da aji ba zai faɗa ba, na murabaha da musharaka da kamfanonin da ke sayar da gida ta waɗannan hanyoyi a Amurka ɗin kanta. Mu ma da ke gida, da muka ga abin da MMM ta yi wa jama'a a ƙarshen 2016, muke kuma ganin manhajojin bashi na waya suna bin matasa har cikin ɗaki, bai kamata mu karanta labarin nan kamar na wata duniya ba.

Na yi alƙawarin komawa ga Willis. Magabata da suka shar'anta jarraba yaro ba su tsaya nan ba, sun kuma naɗa muhtasibi yana zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli, yana hana algus, domin sun san cewa mai saye, kome wayonsa, ba zai iya auna kowane buhu da kansa ba. A Amurka akwai shagunan bashin ranar albashi, inda ake karɓar dala 15 a kan kowace dala ɗari na mako biyu, wanda in aka lissafa a shekara ya kai kashi 390 cikin ɗari. Mai zuwa wurin sau da yawa ya san tsadarsa sarai, kuɗin haya ne ya zo, albashi bai kai ba. Babban bankin ƙasar yakan tambayi jama'a kowace shekara ko za su iya biyan larurar dala 400 da kuɗin hannu, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku sukan ce a'a. Babu darasin da zai ƙara wa irin wannan mutum albashi. Abin da ya taɓa waɗannan shaguna doka ce: majalisar tarayya ta ƙayyade ruwan bashin da ake ba sojoji a kashi 36 cikin ɗari tun 2006, jama'ar Nebaraska suka kaɗa ƙuri'ar irin wannan iyaka a 2020, dokar katin bashi ta 2009 kuma ta hana ba wanda bai kai shekara 21 ba kati sai ya nuna abin shigarsa ko ya kawo mai tsaya masa. Tsorona shi ne ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'ar darasi da safe, wadda ba ta ɓata wa kowa rai, da yamma ya ƙi ƙuri'ar ƙayyade ruwa, ya koma mazaɓarsa yana ganin ya sauke nauyi. Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, wasu daga cikin jihohin da ke wajabta koya wa yaro tattali su ne suke karɓar haraji daga manhajojin cacar da ke tallata kansu gare shi a tsakiyar kowane wasan ƙwallo.

Akwai kuma wata ƙaramar tambaya da shugabannin makarantu ke yi, wadda ba ta da amsa mai daɗi: ranar makaranta ba ta ƙaruwa, duk darasin da ya shiga sai wani ya matsa, kuma sau da yawa kiɗa ko zane ko harshen waje ne ke matsawa. Wasu jihohi sun sassauta ta hanyar yarda darasin ya maye gurbin rabin makin lissafi ko na zaɓi, wanda ke da nasa haɗarin idan aka tuna abin da Cole da abokansa suka gani game da lissafi.

Yawancin dokokin nan ba su fara aiki sosai ba tukuna. Ɗaliban Fulorida na farko da dokar ta hau kansu sun shiga aji tara a 2023, za su fita a 2027. Kalifoniya, wadda take da ɗalibai kusan miliyan shida a makarantun gwamnati, ta ba makarantunta zuwa shekarar karatu ta 2027 su fara ba da darasin, ɗaliban da za su kammala a 2031 kuma su ne na farko da ba za su karɓi takardar shaida ba sai da shi. Kafin wannan rana sai jihar ta samo dubban malamai ta horar da su, ta yanke shawarar littafin wa za a buɗe a gabansu, sannan a jira wasu shekaru har yaran su ci bashinsu na farko, masu bincike su buɗe bayanan su duba ko sun biya a kan kari.